Buzuzu da Ƙwaron Wake: Musayar Baitoci

Manomi daga Wurno:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, na zo da tambaya,
A kan ƙwari biyu nake neman gaskiya:
Buzuzun da ke tura kashin shanu da baya-baya,
Da ƙwaron waken da ke kwance cikin ma'ajiya,
Wanne ya cancanci zagi, wanne za a yi wa godiya?

Makiyayi daga Bodinga:

Malam, buzuzu maƙwabcina ne a makiyaya.
Da damina, in garke ya bar kashi a kan hanya,
Zai dunƙule shi, kai a ƙasa, yana turi da ƙafafun baya,
Ya haƙa rami ya binne, macen ta saka ƙwai guda ɗaya,
Tsutsar ta ci ta girma a ciki lami lafiya.
Taki ya shige ƙasa, ƙuda ya rasa inda zai bar zuriya,
Shi ya sa a shekarun 1970 aka yi ta kai shi Ostireliya.
A 2013 masana a Afirka ta Kudu sun shaida wa duniya
Da dare hasken taurari ke miƙar masa da tafiya.

Mai sayar da wake a Tsohuwar Kasuwa:

Yayana, naka ma'aikaci ne, nawa ɓarawo ne mai ɓoyewa.
Girmansa bai wuce ƙwayar dawa ba, amma ya iya cutarwa,
Tun daga gona yake bin kwanso, har rumbu yana biyowa.
Macen takan manna ƙwanta a jikin ƙwaya tana wucewa,
Tsutsar ta huda ta shige, tana ci babu mai ganewa,
Mako uku zuwa huɗu a zafin bazara sai ga ta tana fitowa,
Ta bar ƙofa zagayayya, ƙwayar kuwa ta zama holoƙo mai rugujewa.
Babban ko ci bai dame shi ba, aikinsa kawai haihuwa.

Manomi daga Wurno:

Hajiya, kin taɓa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi.
Iyayenmu toka da yashi da barkono suka riƙa yi,
Yanzu wasu guba suke zubawa, ba tsoro ba tausayi.

Mai sayar da wake a Tsohuwar Kasuwa:

Malam, ka bar guba, shanya waken sai ya bushe sosai,
Ka zuba a buhun PICS mai ruɓi uku da ke hana iska shiga, ka ɗaure daidai,
Na Jami'ar Purdue ta Amurka ne, tun 2007 ya shigo ƙasashenmu dai.
Iska ta ƙare, tsutsa ta mace, sai dai ka kiyaye ɓerayen ɗaki da ƙusoshin katakai.