Baduhu ko layar zana?

Ranar Asabar a Unguwar Rimi wasanmu na Dungeons & Dragons (wasan labari ne da kowa ke riƙe da jaruminsa, ana jefa ɗan lido) ya tsaya cik saboda kalma guda. Ƙanina ya sa matsafinsa ya yi sihirin da littafin ke kira "invisibility", ni kuma da nake jan wasan na ce, "To, ya ɓace." Da dodo ya kawo masa sara sai yaro ya miƙe: "Haba Yaya, wanda ya ɓace ta ina za a sare shi?" Ya fi ni gaskiya. Bakina ne ya jawo.

A dokokin bugu na 5, na 2014, mai wannan sihiri yana nan daram inda yake. Ido ne kawai ba ya kama shi. Ana jin takunsa, ana ganin sawunsa a ƙura. Mai kai masa hari zai jefa ɗan lido mai fuska 20 sau biyu ya ɗauki ƙaramin, shi kuwa in ya kai hari babban zai ɗauka. Sihirin na iya kai awa 1, amma da ya ɗaga makami ko ya sake wani tsafin, ya tonu.

Wani abokinmu ya ce a kira shi layar zana. Tana da daɗi a baki, amma ban yarda ba. In Bahaushe ya ce mai adashi ya yi layar zana, nufinsa mutum ya bar garin, ko ƙeyarsa ba a gani ba. Rigimar ɗazu ce za ta dawo.

Ni baduhu na zaɓa. Yadda muka ji a bakin manya, mai baduhu yana tsaye a gabanka, idonka ne aka rufe. In ya yi tari za ka ji. In ka watsa toka za ta sauka a kansa.

Ɓuya kuma dabam take: sai ka jefa ɗan lido ka ci, sannan a rasa inda kake gaba ɗaya. Mai baduhun da bai ɓuya ba, an san wajen da za a kai sara.

Wani irin sihirin kuma mai ƙarfi, na mataki na 4, wanda hari ba ya karya shi amma minti 1 kacal yake yi, mun ce masa baduhun yaƙi. Ƙanina ya ce babban baduhu. Ba mu gama wannan ba aka kira Magariba.

Saran dodon dai ya samu matsafin: 14 da 17 suka fito, ƙaramin ma ya isa.