Dokar ƙasa da ƙasa: doka ce da gaske, kuma ina iyakarta?

Ɗiyar Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum. Ɗalibar shari'a ce ni a nan Katsina, wannan zangon muka fara darasin dokar ƙasa da ƙasa. Abin da na haddace shi ne: ƙa'idojin da ke tsara hulɗar ƙasashe da junansu. Shekaranjiya bayan isha ina bita a tsakar gida, Baba na kishingiɗe a tabarma da rediyonsa, sai ya rage murya ya ce, "To in ƙasa ta karya ta, wane ɗan sanda zai je ya kamo ta?" Na rasa ta cewa. Shi wake yake sarowa daga Maraɗi, an taɓa cinye masa kuɗin kaya a can, har ya ƙara da tambayar ko wannan doka tawa za ta karɓo masa haƙƙinsa. Don Allah, doka ce da gaske? Daga ina ta fara, a ina ta tsaya? So nake in ba Baba amsar da ni ma na gamsu da ita.

Baffa Lauya

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kuɗin waken mahaifinki ba ya cikin darasinki. Rigima ce tsakanin mutum biyu da iyaka ta raba, kuma tana da reshenta daban, mai duba kotun wace ƙasa za ta saurara, dokar wa za a bi. Naki reshen na ƙasashe ne a matsayinsu na ƙasashe. Amma shingen Jibiya da yake ƙetarewa naki ne. Ingila da Faransa suka ja layin nan a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka raba Katsina da Maraɗi, 'yan uwa na jini. A 1964 shugabannin Afirka suka zauna a Alƙahira suka amince a bar iyakoki yadda aka gada.

Kan ɗan sanda kuwa, ba shi labarin Bakassi, ai ya ji shi a rediyon nan tasa. Kamaru ta kai Nijeriya ƙara Kotun Duniya da ke birnin Heg a 1994, aka yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002 cewa yankin nata ne. Nijeriya ta fi ta soja, ta fi ta jama'a, ba wanda ya zo da ankwa, amma ta janye, ta gama miƙawa a Agustan 2008. Ya yi mana ciwo, wallahi. Sai dai ƙasar da ta yi watsi da hukunci yau, gobe da wane baki za ta nemi a cika mata alkawari?

Ba zan ɓoye miki raunin abin ba. A 1986 kotun ta ba Nikaragua gaskiya a kan Amurka, Amurka ta ƙi, da aka je Kwamitin Sulhu ta hau kujerar na-ƙi. Ki rubuta wannan ma a jarabawa. Ni dai a ganina ɓarawon da ya gagari kamu bai soke haramcin sata ba.

Ɗan Ajin Ƙarshe

Ƙanwata, ki riƙe sashe na 38 na dokar da ta kafa Kotun Duniya, shi ya lissafo tushen dokar ƙasa da ƙasa: yarjejeniya, al'adar da ƙasashe suka ɗauka wajibi, ƙa'idojin shari'a na gama-gari, sai hukunce-hukunce da rubutun masana a matsayin mataimaka. Kuma ma'anarki ta yi ƙunci. Tun 1949 kotun ta ce Majalisar Ɗinkin Duniya na da haƙƙi da nauyi a ƙarƙashin wannan doka, yanzu har mutum ɗaya ana gurfanarwa kan laifin yaƙi. Teku, jakadu, yaƙi, haƙƙin ɗan Adam, duk suna ciki. Inda aka fi kama mu a jarabawar bara shi ne sashe na 12 na tsarin mulkin 1999: yarjejeniya ba ta aiki a kotunanmu sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Ki karanta shari'ar Abacha da Fawehinmi, Kotun Ƙoli, 2000.

Malamin Zaure

Ɗiyata, kada ki ɗauka Turawa ne suka fara tunanin nan. A fiƙihu akwai babin da ake kira Siyar, wato hukunce-hukuncen hulɗar Musulmi da sauran al'ummai a yaƙi da zaman lafiya, kuma Muhammad ɗan Hasan Shaibani, almajirin Imamu Abu Hanifa, ya yi masa littattafai tun ƙarni na 2 bayan hijira: sulhu, amanar da ake ba baƙo, haramcin kashe ɗan aike. Mahaifinki ya san sulhun Hudaibiyya. Ta nan za ki shigo masa.

Ɗiyar Ƙofar Marusa

Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Baba bayan magariba. Da na zo Bakassi ya yi shiru can, ya ce ya tuna ranar da aka sanar. Yanzu kuma ya kawo wata: ƙa'idar ECOWAS ta 1979 ce ta ba shi damar shiga Nijar ya yi kwana 90 ba biza, ga shi Nijar ta fice a Janairun 2025. Baffa, in ƙasa ta fita daga ƙungiya, alkawuran da ta ɗauka tana ciki suna faɗuwa nan take ne?