Dole ne Walok ya yi sihiri da Kwarjini?

Jummai: Assalamu alaikum 'yan tebur. Kafin mu buɗe sabon labari a wasanmu na Dungeons and Dragons, wasan tebur da kowa ke taka rawar jarumi ɗaya ana jefa dayis, ina da magana, kuma na san za a ja. A dokar D&D bugu na biyar, na 2014, an ɗaure sihirin kowane aji, wato nau'in jarumi, da makin hali ɗaya: Wizad da Basira, Kilarik da Duruwid da Renja da Hikima, sannan Bad da Sosara da Walok da Paladin duk da Kwarjini. Ni ra'ayina wannan ɗaurin al'ada ce kawai, ana iya kwance shi wasa bai lalace ba. Ina so in yi Walok, mai samun sihiri ta hanyar alkawari da wata halitta, amma mai Basira, mace ce da ta tono sunan wani abu a tsofaffin takardu har ta ƙulla alkawari da shi. Ba ta da baki, ko ido ba ta iya haɗawa da mutane. Me zai sa in zuba mata Kwarjini 16?

Ɗanlami, mai jan wasa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ban ce a'a ba tukuna, amma ki san abin da kike taɓawa. Makin nan shi ke ba da lambar da abokin gaba zai jefa ya tsira, wato 8 a haɗa da ƙarin ƙwarewa da ƙarin makin, kuma shi ke shiga jifan harin sihiri. In na buɗe miki ƙofa, gobe kowa zai zo da nasa.

Jummai: Lissafin ai bai canja ba, Yaya. A mataki na 5 ƙarin ƙwarewa 3 ne, maki 18 yana ba da 4, lambar tsira 15 ke nan ko da Basira ko da Kwarjini. Sannan ka buɗe shafin Walok ka dubi fannonin da aka ba shi ya zaɓa. Bakwai ne: sanin sihiri, tarihi, bincike, sanin daji, addini, yaudara, tsoratarwa. Biyar na farko duk na Basira ne, biyu kacal na Kwarjini, kuma ko lallashi babu a ciki. Wanda ya rubuta jerin nan ɗan bincike yake gani a gabansa.

Malam Ɗan'asabe: Yarinyar nan ta karanta littafin. Kuma ku matasa ku daina ɗaukar rabon 2014 kamar ba a taɓa yin wani ba. A bugu na 3.5 Paladin da Hikima yake sihirinsa, Kwarjini na wasu baiwarsa ne. A bugu na huɗu, na 2008, Walok yana iya dogara da Juriya ko Kwarjini gwargwadon wanda ya yi alkawari da shi. Su kansu Wizards of the Coast, kamfanin da ke buga wasan, a takardun gwajin da suka fitar a 2023, sun ba Walok zaɓi tsakanin Basira da Hikima da Kwarjini bisa irin alkawarinsa.

Talatu: Malam, da girmanka, amma ka tsaya a tsakiyar labari. Da littafin 2024 ya fito sun mayar da shi Kwarjini. Sun gwada, sun janye. Ni ina ganin akwai ma'ana a ciki: Walok bai koyi sihirinsa ba, ciniki ya yi. Mutumin da zai tsaya gaban halittar da ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba ya ce ga sharaɗina, ƙarfin hali yake buƙata. In aka maida shi mai Basira, da me ya bambanta da Wizad? Wizad ne kawai mai guntun littafi.

Jummai: Ya bambanta da komai, Anti. Guraben sihirinsa, wato yawan sihirin da zai iya yi kafin ya huta, kaɗan ne, suna dawowa da gajeren hutu, yana da ubangida da zai iya aiko masa da umarni tsakar dare. Wannan ne Walok, ba makin ba. Kuma littafin 2024 ɗin da kika kawo, shi ne ya ce duk wanda ya ɗauki baiwar Magic Initiate ya zaɓi Basira ko Hikima ko Kwarjini da kansa.

Talatu: Wannan 'yan ƙananan sihiri biyu ne da ɗaya na matakin farko. Ba a gina aji a kansu.

Bala: To tunda an buɗe magana, ni Sosara nake so da Juriya. Littafin da kansa ya ce sihirin a jininsa yake, gadonsa ya yi. Abin da ke cikin jini ai jiki ne ke ɗauke da shi. Hujjata ta fi ta Jummai ƙarfi ma.

Ɗanlami, mai jan wasa: Ka ga abin da nake gudu.

Malam Ɗan'asabe: Bala, a labari hujjarka tana da daɗi, a lissafi ba za ta wuce ba, kuma bari in nuna maka a takarda. Duk mai sihiri yana raba makinsa gida uku: makin sihiri, Zafin nama don kada a same shi, Juriya don ya rayu. Wannan rabon shi ne kuɗin da yake biya. Ɗauki Sosara a mataki na 5. In ya bi matsakaicin lissafi yana da rai 22 kafin a sa Juriya. Da Juriya 14 ya zama 32. In Juriya ce makin sihirinsa zai kai ta 18, rai ya zama 42, ba tare da ya rage komai a wani wuri ba. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi muni. Duk sanda aka bugi mai riƙe da sihiri sai ya yi jifan Juriya don kada sihirin ya kuɓuce masa, lambar 10 ko rabin raunin, wanda ya fi yawa. Sosara dama yana da ƙwarewa a wannan jifan. Da 14 yana ƙara 5, fuska 4 cikin 20 na dayis ne za su kayar da shi. Da 18 yana ƙara 7, saura fuska 2. Ka rage faɗuwarsa da rabi, ka ƙara masa rai, lambar tsirarsa tana nan 15. Me ya biya? Mai takobi da ke zaune kusa da kai zai ga bambancin tun faɗan farko.

Bala: Amma Malam, kai da bakinka ka ce bugu na huɗu ya yi. Kuma a Pathfinder, wani wasa irin wannan, bugu na biyu suna da ajin Kinetisis, ya fito 2023, da Juriya yake aiki.

Malam Ɗan'asabe: An gina shi a kan haka tun daga tushe, kuma ba shi da guraben sihiri irin na Sosara. Bugu na huɗu ma tsarin ransa daban ne, Juriya ba ta ƙara rai a kowane mataki yadda take yi yanzu. Ba a cire ƙofar wani gida a liƙa a wani a ce dole ta rufu. In misali daga Pathfinder kake nema, ga Saikik na 2022: an ba shi zaɓi, amma tsakanin Basira da Kwarjini kawai.

Talatu: Ni damuwata ba Bala ba ce, tasa a fili take. Haɗa aji nake tsoro, wato jarumi ɗaya ya ɗauki matakai a aji biyu. Walok mai Basira yau, gobe Wizad ya tsoma ƙafa mataki biyu a Walok, ya ɗauko sihirin harbi na Eldritch Blast da ƙarin da ke sa makinsa a kan kowace harba. In Hexblade ne, reshen Walok mai faɗa da makami, mataki ɗaya ma ya ba shi matsakaicin sulke da garkuwa, ya kai sara da Basira. Wizad da ke da jerin sihiri mafi faɗi a wasan, a ƙara masa wannan?

Jummai: Wannan damuwa ce ta gaskiya, na karɓa. Sai dai ki duba yadda abin yake yanzu. Walok mai Kwarjini yana haɗuwa da aji uku cif, Paladin da Sosara da Bad, kuma kowa ya san Paladin mai tsoma ƙafa a Hexblade ya maida sara da sihiri da kariyar mataki na 6 duk kan maki ɗaya. Mai Basira Wizad da Atifisa kawai zai samu a cikakkun aji. Wizad ɗin kuma in ya ba da mataki biyu, sihirin wutarsa na Fireball sai mataki na 7 maimakon na 5. Ni ko haɗawar ma ba na so, a rubuta a ajiye.

Ɗanlami, mai jan wasa: Akwai wanda ba ku taɓo ba, Hikima. Ita ce ke riƙe da lura, kuma babu jifan fanni da nake kira a teburin nan kamar shi. Ita ce kuma ke tsare mutum daga Hold Person mai sandarar da mutum da sihirin mallake hankali. Wanda ya bar Kwarjini ya koma Hikima riba ya ci. Kilarik da ya bar Hikima ya koma Kwarjini don yana so ya yi mai wa'azi mai zaƙin baki, shi asara ma ya ɗauka, ba zan hana shi ba. Ga yadda zan yi: musanya zuwa Basira ko Kwarjini na yarda, in labarin ɗan wasan ya ɗauka. Zuwa Hikima sai mun zauna. Juriya da Ƙarfi da Zafin nama babu. Duk wanda ya musanya, ko'ina aka rubuta tsohon makin a ajinsa sabon ne zai maye, har da jifan tsira da sharaɗin maki 13 na haɗa aji, kuma ba komawa a tsakiyar labari. Jummai, jifan tsiranki Hikima da Basira ke nan.

Talatu: Na bi hukuncinka Yaya, amma ra'ayina yana nan. Kuma ku sani in Jummai ta bar Kwarjini babu mai magana da yawunmu a ƙungiyar, duk sauranmu 8 da 10 muka sa a can.

Malam Ɗan'asabe: Ni zan ɗauki Bad, ƙungiyar ba za ta rasa baki ba.

Bala: Yaya, in na haƙura da Juriya, za ka bar ni in yi Sosara mai Hikima? Kakarsa aljanar daji ce, da ji a jiki yake sihirinsa.

Ɗanlami, mai jan wasa: Turo min takardarsa kafin Asabar, da alkawarin ba za ka haɗa shi da Kilarik ko Duruwid ba, sai in duba.