An hana ni izinin gyara gidanmu a tsohon garin Agadas, ina zan kai kuka?

Ɗan Abzin: Assalamu alaikum. Gidan kakanmu yana cikin tsohon gari, daga tsakar gida muna hango hasumiyar babban masallaci. Ruwan bana ya ci gindin katangar gabas, ɗakin mahaifiyata ya tsage har hannu na shiga, azara biyu sun lanƙwasa. Na nemi izinin rushe shi in tayar da na bulo da kwano, aka ce a'a, da baki kawai. Yanzu tsohuwa a zaure take kwana. Akwai inda ake ɗaukaka ƙara, ko in yi aikina da dare kamar yadda wasu ke zuga ni?

Malamin Shari'a: Wa alaikumus salam. Kada ka kuskura ka yi da dare, ɗan'uwa. Tun 2013 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin, da unguwanninsa 11, cikin wuraren tarihi na duniya, kuma Nijar na da dokar kare kayan tarihi tun 1997. Koma ka nemi amsar a rubuce, da dalili da kwanan wata, domin maganar baki tana da wuyar tabbatarwa a kotu. Sai ka rubuta wa wanda ya yanke hukuncin ya sake dubawa, ka haɗa da hotunan tsagar, ka karɓi shaidar ajiye takarda. In bai sauya ba, na gaba da shi, sannan kotu. Kowane mataki da wa'adinsa, kada ka yi sanya.

Tsohon Magini: Yaro, ba gyaran suka ƙi ba, simintin suka ƙi, kuma ni ma ina bayansu. Siminti a jikin ginin ƙasa riƙe danshi yake, ciki ya ruɓe, waje na sheƙi. Hasumiyar nan mai tsawon mita 27, da me take tsaye in ba ƙasa da yaɓe ba? Sake zane: a ɗaure gindin katanga, a canza azara, a tsawaita indararo ruwa ya faɗi nesa.

Maman Yara: Baba, gaskiya ne, amma yaɓe duk shekara kuɗi ne, wa zai biya? Ni tsohuwar ce ke raina. Ka rubuta musu ƙarara cewa akwai rai a cikin hatsari, ka kuma bi ta wajen mai unguwa maganar ta isa fadar Sarkin Abzin.

Ɗan Abzin: Allah ya saka da alheri. Gobe zan je neman takardar. Baba, in na turo hotunan tsagar, za ka duba mini ko katangar za ta ɗauru?