Musayar Waƙa: Wa Ya Fasa Shagon Zololo?

Mai Shayin Zololo:

Assalamu alaikum jama'a. Tun tsakar daren Lahadi, 4 ga Agusta 2024, Gwamnan Filato Caleb Mutfwang ya sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos da Bukuru, bayan an fasa shaguna a Bauchi Road da nan Zololo ana cikin zanga-zangar tsadar rayuwa da aka fara ranar Alhamis 1 ga wata. Teburina na jingine, tukunyar shayi ta huce. Tunda zaman gida ya kama mu, ga baitoci. Ƙwar huɗu ne, babban amsa-amo "wa", mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah zan fara,
Shi ke ba bawa sutura,
Ya Rabbi ka ba mu basira,
Mu zanta a kan wannan damuwa.

Ran Alhamis an fita lafiya,
Matasa sun cika kan hanya,
Kowa kukansa guda ɗaya:
Tsada ta kai mu ga yunwa.

Ni ma na ce: yara sannunku,
Ga shayi nan, ku jiƙa bakinku,
Allah ya biya buƙatunku,
Ku koma gida ba cutarwa.

Lahadi sai lamari ya juya,
Wasu sun zo babu kunya,
Ba mai kwali ko da ɗaya,
Sai guduma don fasawa.

Maƙwabcina mai ɗan shago,
Sun bar masa kanta da bango,
Har sikeli, har ɗan bargo
Da yake shimfiɗa don hutawa.

Littafin bashi na tsinta,
A kwata, ruwa ya ɓata,
Na ɗaga shi na karanta,
Sunayen matan unguwa.

Wance taliya, wance sukari,
Wance magi da mudun gari,
Shi ke rufa musu asiri,
Yau 'ya'yansu sun zo sakawa.

Jama'a ku taya ni da amsa:
Shi ya janye tallafin ƙasa?
Masu laifin suna can nisa,
Abuja, cikin sanyin inuwa.

Ɗan Keke na Bauchi Road:

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya mayar wa maƙwabcinka da alheri. Ina cikin waɗanda suka fita tun ranar 1 ga wata, ban taɓa kwadon kowa ba, don haka kar a yi mana kuɗin goro. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka rantsar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar mai a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba, a Agustan nan na 2024 ta haura 600. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a watan Yuni.

Baba na ji, kuma na tausaya,
Sata ba ta da wata kariya,
Amma kar a haɗe mu gaba ɗaya,
Daban mai kuka da mai kwashewa.

Keken da nake ja na haya ne,
Balas kullum wajibi ne,
Kuɗin mai kuwa azaba ne,
Me ya rage in kai wa uwa?

Ran rantsuwa aka ce ya tafi,
Kalma ɗaya ta kashe tallafi,
Tun ranar muke cikin zafi,
Ba wanda ya zo dubawa.

An ce albashi an ƙara,
Ko da dukansa ka tara,
Buhun shinkafa, in ka lura,
Bai kai ka ga ɗaukowa.

Lahadi Shugaba yai jawabi,
Muka kasa kunne da ladabi,
Ya jero ayyuka babi-babi,
Bai ce mai na saukowa.

Yaron da ya kwana bai ci ba,
Ya ga ƙofa ba a tsare ba,
Ni ban ce ya yi daidai ba,
Amma ku fara tsine wa yunwa.

'Yar Bukuru:

Ƙanena, wannan hujjar taka mun taɓa jin ta a nan. Ranar Asabar 24 ga Oktoba 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, aka fasa siton kayan tallafin korona a Bukuru. Gwamnoni sun ce wani kayan jiran rabo yake, wani kuma an ajiye shi ne don zagaye na biyu na cutar. A unguwarmu dai ba wanda ya gamsu. Saurara ka ji yadda ta ƙare.

Na ga na Bukuru da idona,
Sito maƙil da kayan korona,
Wata da watanni yana kwana,
Mu ko muna ta jiran rabawa.

Matasa sun hau kan kwano,
Sun yaye shi suna tono,
Duk wanda ya leƙa ya gano
Abin da ake ta ɓoyewa.

Wata tsohuwa da buhu a kanta,
Zani na zamewa, ba ruwanta,
Wani yaro ya ce zai taya ta,
Ya ruga da shi ba waiwayowa.

Ranar ban kira shi sata ba,
Namu ne ba a ba mu ba,
Sai dai ba a tsaya a nan ba,
Kashegari sai kayan kowa.

Aka koma kan ƙofa da taga,
A duk ofishin da aka shiga,
Yunwa na cin fanka? Ka ga,
Nan hujjarka take karyewa.

Malamin Gangare:

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, kowa ya faɗi tasa cikin ladabi. Batun yunwa da sata malamai sun daɗe da magana a kai, zan kawo ɗaya. Sauran baitocin kuwa na wanda ya ga rikicin Jos na 7 ga Satumba 2001 ne, ya ga gobarar babbar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002, ya ga rikicin Nuwambar 2008 da na Janairun 2010. Da yawanku kuna goye a lokacin.

A zamanin Sayyadi Umaru,
Shekarar toka ta faru,
Mayunwata Madina sun taru,
Ya dakatar da haddin yankewa.

Ya hana kansa man shanu,
Ya raba tsaba da hannu,
Ya bi gida-gida yana sannu,
Har jikinsa ya nuna ramewa.

Wannan hujja ce kan shugaba,
Ba lasisin fasa shago ba,
Mai ɗaukar firji bai shiga ba,
Larura iyakarta ceton rayuwa.

Abin da nake tsoro, ku ji ni,
Garin nan ya sha zubar jini,
Faɗan farashi kan koma addini
Tun kafin ido ya yi ƙiftawa.

Juma'ar Satumba na tuna ta,
Congo-Rusha aka fara ta,
Kwana da kwanaki ana yin ta,
Har yau miki ba ya warkewa.

Babbar kasuwa ta ƙone,
Kangonta yana nan zaune,
Jariran shekarar su ne
Matasan da ke ta fitowa.

Da muna cuɗe, yau an ware,
Wani Rukuba, wani Gangare,
Kowa da iyakar da ya tsare,
Mai keke ya san wurin juyawa.

Maƙwabci daga Unguwar Rukuba:

Tunda an ambaci unguwarmu, bari in sa baki. Ina mahaɗar Old Airport a kwanakin farko, inda tsohon minista Solomon Dalung da Fasto Isa El-Buba suka tsaya tare da masu zanga-zanga. A yi mini afuwa in ma'auni ya karye, a coci na koyi waƙa.

Baba Malam, barka da war haka,
Ni Kirista ne, ɗan garinka,
Na ji tsoron da ke ranka,
Ga labari mai sanyayawa.

Da lokacin salla yai muka tsaya,
Muka riƙe hannu muka kewaya,
Suka ja sahu a tsakar hanya,
Ba mai harara, ba mai tsawa.

Mai awo ba ya duba suna,
Farashinka shi ne farashina,
Cikinka yana kukan cikina,
Yunwa ba ta da unguwa.

Masu guduma sun cuce mu,
Sun ba hukuma hujja kanmu,
Ran da muka haɗa bakinmu,
Sai ga doka ta kullewa.

Daren jiya an turo a waya,
Wai ga su nan tafe ta baya,
Na kira abokina in tambaya,
Shi ma an ce mu ke zuwa.

Mun kwana zaune ni da shi, kowa a ƙofar gidansa, kowa na gadin ɗan'uwansa. Don Allah wanda bai gani da idonsa ba ya daina turawa.

Hajiya Mai Kayan Miya, Farin Gada:

Ni ban iya ƙwar huɗunku ba, kuma raina a ɓace yake. Ga biyu-biyu, wanda bai so ya wuce.

Ku kuna ta jayayya da baitoci,
Ni tumatirina ke ruɓewa.

Kwandunan da aka sauke min Lahadi
Suna rumfa, ba halin zuwa.

Kabeji da karas sa yi haƙuri,
Tumatir da attaruhu ba sa jurewa.

Kuɗin adashi na zuba a ciki,
Uwar adashi kuwa tana ta kirawa.

Ɓarawo ya kwashe na mai shago,
Doka ta cinye na mai sayarwa.

Wanda ya fasa yana gida ya ƙoshi,
Mu da ba mu taɓa ba muke ɗanɗanawa.

Ɗan dako, mai ga-ruwa, mai wanki,
Sai sun fita tukunya ke hawa.

Ranka ya daɗe, a kama masu guduma,
A buɗe mana hanyar kasuwa.

Tela Ɗan Dilimi:

Hajiya, Allah ya mayar da ninkinsa. Bari in ɗan sassauta muku fuska. Kun dai ji an kama teloli a Kano kan ɗinka tutar Rasha da wasu masu zanga-zanga ke ɗagawa, to saura ƙiris in shiga sahu ina zaune a tsakar gidana.

Ta katanga yaro ya leƙo,
Yadi kala uku ya miƙo,
Fari da shuɗi da ja, wai saƙo,
Tuta yake so ta ɗagawa.

Na ce: ɗana, ina Rasha take?
Ya ce: can gaba da Nijar take.
Na ce: mai da yadin inda yake,
Kano an kwashe masu ɗinkawa.

Wanda bai san inda take ba,
Bai sai yadin da kuɗinsa ba,
Mai ba shi ba zai fito ba,
Yana falo yana leƙowa.

Ɗan Keke na Bauchi Road:

Kawu tela, Allah ya tsare maka kekenka, ni ma ya tsare min nawa. Amma fa ban gama ba. Manya duk kun taru a kaina, kowa "a yi haƙuri". Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a ƙarshen Yuli naira 70,000 ne, shi ma na masu ofis. Mu fa?

Yaya, batun fanka na sallama,
Baba Malam, na riƙe kalma,
Amma haƙurin da ake nema,
Wa zai ce ga ranar ƙarewa?

In mun yi shiru, a ce mun yarda,
In mun fito, ga 'yan sanda,
Ɓarawo ya biyo mu da adda,
Laifin kanmu ake ɗorawa.

Umarun da Malam ya jawo,
A wace kasuwa za mu sawo?
Namu suna jirgi suna yawo,
Man shanu ba sa ragewa.

Malamin Gangare:

Ɗana, baitinka na tsakiya ban da amsarsa, gaskiya ce. Na ƙarshen dai ga tawa.

Umaru, ɗana, ba a sayo shi,
Cikin jama'a ake rainon shi,
Mai fasa shago yau don ƙoshi,
Ya samu kujera, sai haɗiyewa.

Sannan ina roƙon iyaye, kowa ya leƙa ɗakin samarin gidansa. Wanda ya ga katan ko buhun da bai san asalinsa ba, ya kai wa mai unguwa ko liman bayan isha'i. Ba za a tambayi suna ba, mun riga mun yi magana da su.

Hajiya Mai Kayan Miya, Farin Gada:

Ɗana mai keke, bar dogon zance,
In an buɗe hanya ka yi saurin zuwa.

Ka kai ni rumfa in tsince na kirki,
Kafin ƙuda su gama rabawa.

Sauran ko shanya ba sa samu,
Agusta ce, kullum ruwa.

Ɗan Keke na Bauchi Road:

Hajiya, kina kira ina tafe,
In dai shingen ba a rufe,
Sai dai tsohon farashi ya kife,
Ninki biyu ne, ba tayawa.

Hajiya Mai Kayan Miya, Farin Gada:

Ninki biyu? Kai ma ka zama gwamnati!
Rabi kuɗi, rabi tumatir nake bayarwa.