Kunne na Uku a Kan Layi: Musayar Baitoci

Malam Mai Tawada:

Assalamu alaikum. Yau ni zan share fage. Batunmu shi ne gwamnatocin da ke bibiyar ɗan ƙasa don kawai ya buɗe baki ya ce bai yarda ba. Babban amsa-amo "ri" ne. Wanda ya karya shi, tararsa baiti biyu.

Da sunan Allah zan fara waƙa,
Mai jin abin da zuciya ta saƙa,
Ba ya biɗar ɗan rahoto ya ɗauka,
Ba ya laɓewa a ƙofa ko a ɗaka,
Shi ɗai ya cancanci sanin asiri.

Tsira ga Manzo fiyayyen bayi,
Ya zo da Littafin da babu shayi,
Cikin Hujurati an yi mana kashedi mai nauyi,
Bin diddigin juna, an ce kada mu yi,
Balle a mai da shi aiki da tsari.

Na ga abin mamaki a zamani,
Talaka ya ce rayuwa ta yi tsanani,
Ba shi da bindiga, ba ya cutar wani,
Sai ga shi an buɗe masa kundin bayani,
Sunansa ya hau jerin masu haɗari.

Wayarsa in ta yi ƙara da dare,
Su uku ne a kan layin a tare,
Na ukun yana wani ofis a ware,
Ba ya sallama, alƙalami a zare,
Yana rubuta komai, har da tari.

Hajiya Mai Nazari:

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce "a zamani", to bari in ja ka baya kaɗan, zuwa ga Stasi, hukumar leƙen asirin tsohuwar Jamus ta Gabas.

Malam, abin nan ba yau ya fara ba,
Jamus ta Gabas ai ba ka manta ba,
Stasi, hukumar da ba ta runtsa ba,
Tun 1950 ba ta huta ba,
Shekara 40 tana tara sirri.

Ma'aikata dubu 91 ke cin albashi,
'Yan rahoto sun kusa ninka haka, ba fashi,
Maƙwabcinka ne, kullum kana gaishe shi,
Abokin aikinka ne, har kana ba shi bashi,
Da ɗan gari, Malam, akan ci gari.

Su buɗe wasiƙa da tururin ruwa,
Su karance, su liƙe, ba alamar taɓawa,
Har warin jikin mutum suna adanawa,
A ƙyalle, cikin kwalba suna rufewa,
Don kare ya shinshina ya bi da sauri.

In sun so karya ka, ba sai da duka,
Su faki idonka su shige ɗakinka,
Su sauya wa kaya wuri su bar maka,
Su shuka ƙarya tsakaninka da matarka,
Ka fara zargin kanka, ka rasa haƙuri.

Wannan dabara ta ƙarshe har suna gare ta a wurinsu, Zersetzung, wato ruɓar da mutum tun daga ciki. Takardun da suka bari, in aka jera su, sun kai kilomita 111. Daga 1992 aka ba kowa damar ya je ya karanta fayil ɗinsa, kuma a nan ne wasu suka gano cewa gado ɗaya suke kwana da mai kai rahotonsu.

Baba Mai Gadi:

Ku yi mini uzuri, ni tsohon ma'aikaci ne, ba zan bi ku a amshi ba. Kuma ƙwar huɗu na iya, numfashin tsoho bai kai biyar ba.

Hajiya da Malam, ku ɗan saurara,
Kun ɗau gefe guda kuna ta ƙara,
Mai gadi in ya rufe ido ya sarara,
Wa za ku zarga ranar haɗari?

Mai shirin tada bam ba ya shela,
Ba ya zuwa da ganga ko fitila,
Cikinku yake, da shiga ta kamala,
In ba a kasa kunne ba, ya gama shiri.

Ni dai wayata ko yau a buɗe,
Ba wani abin kunya da na lulluɓe,
Mai kaza a aljihu shi ke a ruɗe,
In an ce as, sai ya bar wuri.

Ɗan Autan Fage:

Baba, na rusuna, ka gafarce ni,
Ɗakinka akwai labule, na sani,
Ba ɓarna kake yi ba, a nawa gani,
Mutunci ne ke son rufin asiri.

Mai Jakar Labari:

Ɗan Auta, baiti ɗaya amma ya yi nauyi. Baba, ni kuma ga tawa.

Baba, ka ce bam, mun ji mun yarda,
Alƙali ya sa hannu a kan takarda,
A saurari wanda aka samu da shaida,
A rubuta ranar farawa da ta tsaida,
Wannan ba shi muke wa inkari.

Amma Martin Luther King na Amurka,
Wane bam ya ɗauka, in tambaye ka?
Cewa ya yi baƙar fata ɗan'uwanka,
FBI ta dasa kunne a inda ya sauka,
Ta bi shi otal-otal, gari-gari.

A 1964 suka aika masa wasiƙa,
Ba suna a ƙasa, sai dafin da aka saƙa,
Da faifan muryar da suka naɗa a ɗaka,
Suna nuna masa hanyar halaka,
A shekarar da duniya ta ba shi tambari.

Lambar Nobel ta zaman lafiya nake nufi. Shirin da FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta yi ta bibiyar ƙungiyoyin siyasa da shi sunansa COINTELPRO, daga 1956 zuwa 1971. Ba hukumar ce ta tona kanta ba. Wasu 'yan fafutuka ne suka fasa wani ƙaramin ofishinta a jihar Pennsylvania a 1971, suka kwashi takardu suka aika wa jaridu. Sai a 1975 kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata Frank Church ya zauna bincike. Shekara nawa ke nan ana cutar mutane kafin mai tsawatarwa ya farka?

Baba Mai Gadi:

Na ji, an tafka kuskure a baya,
Abin da aka yi wa King abin kunya,
Amma yau akwai kotu, akwai lauya,
Ba a taɓa waya sai da tsari.

Ɗan Autan Fage:

Baba, a nan kam ka shigo gonata. Ga labarin Edward Snowden, wanda ya tona asirin NSA, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka.

Baba, 2013 ai babu nisa,
Snowden ya kwaso takardu ya watsa,
Ashe hukumar NSA ta ƙasarsa
Tana tara bayanan kiran al'ummarsa,
Wa ya kira wa, yaushe, jeri-jeri.

Kotun da kake faɗa ita ta amince,
Ta zauna ta yanke hukunci a asirce,
Jama'a ba su ga abin da ke rubuce,
Sai da ɗan cikin gida ya ga ya dace
Ya fasa ƙwai, ya bar ƙasar da wuri.

Yau ba sa neman ɗan rahoto maƙwabci,
Pegasus ta ɗauke musu wannan munafunci,
Ta shige wayarka kana cikin barci,
Ta karance saƙon da ka tura da aminci,
Kyamararka ta koma idon mai sintiri.

Ahmed Mansoor na Haɗaɗɗiyar Daula,
Saƙo ya shigo masa, tarko da dabara a tafe da illa,
Wai ga sirrin azabar fursunoni, ya kalla,
Bai latsa ba, ya tura wa masana su duba dalla-dalla,
Suka ce ai ƙugiya ce mai tauri.

A 2016 aka yi wannan, kuma masanan su ne na Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto. Kamfanin NSO na Isra'ila ne ya ƙera Pegasus, manhajar leƙen asirin waya, yana cewa gwamnatoci kaɗai yake sayar wa don yaƙi da ta'addanci da manyan laifuka. Mansoor kuwa mai kare haƙƙin ɗan'adam ne a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma a 2018 aka yanke masa shekara 10 a kan abin da ya rubuta a intanet. A 2021 gungun kafafen labarai suka bankaɗo jerin lambobin waya kusan 50,000 da ake zargin masu sayen manhajar sun ware, ciki har da na 'yan jarida da 'yan adawa. Ka ga Baba, da sunan mai bam aka sayi tarkon, amma duba wuyan da ya kama.

Malam Mai Tawada:

Ɗan Auta, layi na biyu na baitin Mansoor ya yi tsawo kamar igiyar rijiya, amma na yafe. Baba, wanzami ba ya son jarfa, ga hujjata:

Su san kuɗin da ke cikin asusunka,
Su san baƙon da ya kwana a gidanka,
Kai ka tambayi ina aka kai harajinka,
Su ce sirrin ƙasa ne, kama bakinka,
Tambayar ma ta shige cikin daftari.

Hajiya Mai Nazari:

Duk kun yi maganar na'ura da takarda. Ni abin da ya fi ci mini rai a ɗakina ya faru.

Ƙawata ta zo mini ziyara,
Muka baje muka buɗe hira,
Zancen masu mulki na ɗauko na fara,
Ta ɗaga hannu ta ce in saurara,
Ta kwashi wayoyinmu ta kai wani wuri.

Ta dawo tana magana da raɗa,
Rabin zancen da ido take faɗa,
Ba a taɓa kama ta ba, ba a yi mata faɗa,
Ba wata takardar sammaci da aka haɗa,
Tsoro kaɗai ya yi mata ɗauri.

Da muna yara ita ce mai baki,
Ba ta ganin cuta ta yi tsaki,
Sai ta faɗa, ko a gaban sarki,
Yau ta ce mini, "'Yar'uwa, ki bi a sannu, ki riƙe aiki,
Ina da 'ya'ya, ba ni son labari."

Wannan ita ce ribar mai leƙe,
Ba sai ya ɗauko ankwa ya miƙe,
Kowa da hannunsa bakinsa ya liƙe,
Marubuci ya ji maƙoshi a shaƙe,
Gari ya yi tsit, su ce ai alheri.

Kuma ban san ko akwai mai saurarenmu ranar ba. Wataƙila babu kowa. Amma hirar ta mutu.

Mai Jakar Labari:

Hajiya, shirun nan su ma yana cin su,
Mai mulki in ya toshe bakin masu gaya masu,
Sai ya ji abin da fadawa suke so su ji da kansu,
Stasi da tulin takardu da kwalabensu,
A 1989 katanga ta faɗi, ba shiri.

Watanni biyu bayan faɗuwar katangar Berlin, ranar 15 ga Janairu 1990, jama'a suka kutsa hedkwatar Stasi a Berlin. Waɗanda aka yi shekaru ana leƙa musu ɗaki su ne suka shiga ɗakin mai leƙen.

Baba Mai Gadi:

Hajiya, baitinki ya tono mini abin da na binne. Ba zan faɗi wurin ba, ba zan faɗi suna ba.

Wata rana a ofis aka kira ni sama,
Aka ce wa ke zuga ma'aikata da gardama?
Na ba da sunan wani mai yawan fama
Da ƙorafin albashi, ba ya da sharri.

Ba a kore shi ba, ba a ɗaure shi,
Girma ne kawai aka daina ba shi,
Shekara bakwai muna zaune da shi,
Yana gaishe ni, yana mini fatan alheri.

Har gobe ina cewa ƙasa na son gadi,
Ba zan janye ba don ku ji daɗi,
Amma wancan aikin, in zan faɗi,
Ba gadi na yi ba, na yi ganganci da zari.

Malam Mai Tawada:

Baba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. In mutumin yana raye, ka neme shi. Ɗan Auta, ɗazu na ga ka sa wani baiti, kafin in kai ƙarshensa ka goge. Ina ya tafi?

Ɗan Autan Fage:

Malam, ido gare ka. Na sa shi, sai na tuna ina neman aiki, kuma an ce ana duba abin da mutum ya taɓa rubutawa. Hannuna ne ya riga ni. Hajiya tana ba da labarin ƙawarta, ni kuma ina nan ina gogewa. Ga shi na dawo da shi, amma layi huɗu ne, na biyar ya gudu.

Kai mai karanta mu ba sallama,
Sannu da aiki, ka sha fama,
In za ka kai rahoto ga na sama,
Ka ce ƙorafi ne na al'umma,

Hajiya Mai Nazari:

Malam, wannan karya amsa-amo ne ko rashin cikawa? A yanke masa tara.

Malam Mai Tawada:

Ba tara. Wanda ya ji zai iya, ya ɗaura masa na biyar.

Baba Mai Gadi:

Kawo nan, yaro. Numfashina bai kai biyar ba, amma ɗaya ba zai gagare ni ba.

Ka sa sunana na farko a jeri.