Riƙon ɗan zomo ga mai ƙaramin ƙarfi: abin da kowa ya gani da idonsa

Uwar yara uku:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni riƙon zomo a cikin gida. Kwana 9 ke nan da aka ba ɗana ɗan zomo kyauta, kuma wanda ya kawo shi ya ce bai wuce mako 7 da haihuwa ba. Ban shirya wa zuwansa ba, ba ni kuma da halin sayen buhun abincin kamfani ko kai shi wurin likitan dabbobi a kan kowane ƙaramin abu, amma yaron ya ƙwallafa rai a kansa har ba ya karyawa sai ya ga zomon ya ci. Abin da ke hannunmu muke ba shi, wato karas da ganyen kabeji da ɓawon 'ya'yan itace, wani lokaci har da gutsuren burodi. Tun jiya na lura kashinsa ya daina fitowa ƙwaya-ƙwaya a bushe, ya koma mai laushi yana manne masa a gashin gindi, ko da yake yana ci kuma yana tsalle-tsallensa. Ina so in ji daga bakin waɗanda suka taɓa renon ƙaramin zomo da ɗan abin hannunsu.

Dattijo mai kiwon zomo:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki janye karas da kabeji da burodin nan yau ɗin nan, ki bar masa busasshiyar ciyawa da ruwa mai tsabta. Ni ma da irin wannan kuskuren na fara, domin 'ya'yan zomo biyar na farko da na yaye na jibge musu ɗanyen ganye mai raɓa a kusurwar keji, ina ganin gata nake yi musu, ganyen ya kwana a tare ya ɗauki zafi, kafin mako ya zagayo uku sun mutu da kumburin ciki. Sai daga baya na fahimci yadda cikin zomo yake. A mahaɗar ƙaramin hanjinsa da babba akwai wata jaka mai girma cike da ƙananan halittu masu narkar da ciyawa, kuma a jikin zomon da bai daɗe da barin nono ba waɗannan halittu ba su gama zama daram ba. Zaƙi da gari, irin na burodi da masara da 'ya'yan itace, suna ba miyagun cikinsu damar rinjayar nagarin, daga nan sai zawo. Karas ɗin da kowa ke jingina wa zomo ma yana da zaƙi sosai, ko babban zomo ɗan yanki ake ba shi jefi-jefi.

Abin farin ciki ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne abincin da zomo ya fi buƙata shi ne mafi araha. Kusan kashi 80 cikin 100 na abin da babban zomo zai ci ciyawa ce, kuma ni da hannuna nake yin ingiricina. Ina yankar ciyawa a wurin da na tabbata ba a yi feshin magani ba, nesa da bakin titi da inda karnuka ke fitsari, in baza ta ba da kauri ba a rana, ina juya ta kwana biyu ko uku har sai kara ya karye a hannu maimakon ya lanƙwashe. Ina ajiye ta a kwali ko buhun da iska ke ratsawa, a ɗage daga ƙasa, ba a cikin leda ba. Duk wadda ta yi fumfuna ko warin rima zubar da ita nake yi, ko da ita kaɗai ta rage mini. Kowace safiya ki zuba masa tulin da ya kai girman jikinsa, kada kuma ki damu idan ya tattake wani ya bar wani, haka suke yi.

Idan kina samun harawar wake ko ta gyaɗa, ki haɗa masa da ita, domin danginsu ɗaya da alfalfa da ake sayarwa don ƙananan zomaye, tana da sinadarin gina jiki da na ƙashi da mai girma yake buƙata. Idan ya kai wata 6 ko 7 sai ki rage ta, saboda zomo ta fitsari yake fitar da rarar sinadarin ƙashi, za ki ga fitsarin ya yi kauri kamar an dama alli. Akwai kuma maganar haƙora. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, na gaba suna ƙaruwa da kusan milimita 2 a mako, kuma taunar ciyawa ce take goge su. Wanda aka saba wa abinci mai laushi haƙoransa kan yi tsawo su soki harshe ko kumatu, ya riƙa zubar da miyau ya daina ci, gyaran wannan kuwa sai likita.

Wani ɗalibi:

Hajiya, ni abin da zan roƙe ki shi ne kada ki ba shi maganin mutane. Bara zomona ya yi irin wannan laushin kashi yana ɗan wata biyu, ba ni da kuɗin likita, sai na ɗauki ragowar ruwan amoksisilin na ƙanwata na ɗiga masa a baki safe da yamma. A rana ta biyu zawon ya koma ruwa zalla, a ta uku na tashi na tarar da shi ya sandare. Da na ba wani likitan dabbobi labari daga baya, sai ya ce dangin fenisilin da ake sha ta baki, da kilindamaisin da linkomaisin, suna kashe halittun nan na cikin hanjin zomo da Baba ya ambata, su bar masu fitar da guba su yi yadda suka ga dama. Ya kuma gargaɗe ni a kan maganin ƙuma na karnuka da kyanwoyi mai ɗauke da fifronil, ya ce shi ma yana kashe zomo. Har yau abin yana damuna, domin zomon yana cin abincinsa lafiya kafin in sa masa hannu.

Wata mai saƙa:

Baba, da izininka, ni na ga wani abu dabam game da ɗanyen ganye. Zomanyata tana cin ganye kullum, 'ya'yanta kuma tun suna mako 3 suke fitowa daga sheƙa suna tsakura tare da ita, kuma ban taɓa rasa ko ɗaya ta dalilin haka ba. A ganina sauyin abinci farat ɗaya ne yake kayar da su. Shi ya sa nake ba 'yar'uwata shawara ta nemi wanda ya kawo zomon ta tambaye shi abin da yake ci a wurin uwarsa, in da hali ma ta karɓo ɗan kaɗan daga ciki.

Dattijo mai kiwon zomo:

Gaskiyarki, 'yata, kuma na ji daɗi da kika faɗa. Naki sun saba da ganyen a gaban uwarsu, suna kuma cin kashinta wanda yake shuka musu halittun hanji irin nata. Wannan kuwa an raba shi da uwa kafin ya cika mako 8, an sauya masa gida da abinci a rana guda, ba mu kuma san abin da ya saba ci ba. Irinsa nakan jira ya kai mako 12, sannan in fara da ganye iri ɗaya tak, ɗan yanki kamar faɗin yatsu biyu, in duba kashinsa kwana biyu kafin in ƙara ko in kawo wani iri. Albasa da tafarnuwa da fiya da ganyen dankalin turawa da cakulan kuwa ba a ba zomo su ko ya tsufa.

Mai taimaka wa likitan dabbobi:

Hajiya, akwai abu biyu da suke kama da juna a ido amma hukuncinsu ya bambanta, kuma a wurin aikinmu na ga mutane da yawa sun ruɗe a kansu. Zomo yana fitar da kashi iri biyu. Akwai busassun ƙwayoyin da kowa ya sani, akwai kuma wani mai laushi mai sheƙi da wari, a cure kamar ƙananan 'ya'yan inabi, wanda yake lanƙwasawa ya cinye kai tsaye daga jikinsa, galibi da dare ko da asuba, domin yana samun bitamin da sinadarin gina jiki daga gare shi. Idan abinci ya yi masa maiƙo da zaƙi sai ya bar wannan bai ci ba, ya zauna a kai ya manne masa. Matuƙar kina ganin busassun ƙwayoyi a gefe, kuma yana ci yana wasa, mai yiwuwa wannan ne, kuma shawarar Baba ta ciyawa da ruwa takan gyara shi cikin 'yan kwanaki. Amma idan kashin ya zama ruwa, ko ya fito da majina ko jini, ko zomon ya takure a lungu yana cizon haƙora, ko ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, to wannan ba ya jiran gobe, domin ƙaramin zomo yakan mutu da rashin ruwa a jiki cikin yini guda. Kada kuma a hana shi abinci da sunan hutar da ciki kamar yadda ake yi wa kare. Zomo ba ya amai, hanjinsa kuma yana buƙatar abinci ya riƙa wucewa ba yankewa.

Cutar da na fi gani a zomaye 'yan wata 1 zuwa 4 ita ce koksidiya, wadda ƙwayoyinta suke fita a kashi su koma ta baki. Ƙwayoyin suna buƙatar kwana ɗaya ko fiye a waje kafin su iya kama wani, saboda haka share keji kullum da ɗaga abinci daga inda yake kashi rigakafi ne da ba ya cin ko sisi. Idan kina da ɗan abin da za ki ware, ni a ganina gwajin kashi sau ɗaya a wurin likita ya fi kowane abin wasa ko kwalbar bitamin amfani, kuma a nan ne za ki tambaya ko ana samun allurar rigakafin cutar zubar jini ta zomaye da ta miksomatosis, cutar da ke kumbura musu idanu da fata, a inda kike. Ki kuma riƙa auna shi a ma'aunin kicin rana ɗaya a kowane mako kina rubutawa, domin zomo dabba ce mai ɓoye ciwo, sau da yawa ma'auni ne yake fara nuna matsala kafin ido ya gani. Gashin gindin da ya ɓaci ki goge shi da tsumma mai ɗumi ki busar, kada ki tsoma shi a ruwa. Barin wurin da danshi yana jawo ƙuda, ƙwan ƙuda kuma yakan zama tsutsa cikin ƙasa da kwana ɗaya.

Wani kafinta:

Ni ta fannin muhalli zan sa baki. Kejin farko da na yi wa zomon 'yata da ragar waya na shimfiɗa ƙasansa don kashi ya riƙa zubewa, bayan 'yan watanni sai na ga gashin dugadugansa ya zube fatar ta yi ja, domin zomo ba shi da tsokar tafin ƙafa irin ta kyanwa, gashi kawai ke kare shi. Falle ɗaya na katako da na ɗora a rabin kejin na baza ciyawa a kai shi ya warkar da shi. Kwalin da na huda wa ƙofa biyu ya zama maɓoyarsa, idan ya cinye shi in kawo wani. Ruwa kuwa a kwano mai nauyi nake zuba masa, wanda ba zai iya kifarwa ba, na kuma lura ya fi sha a haka fiye da kwalbar da ake ratayawa. Farin tabon da fitsari ke bari a ƙasa ruwan khal yana cire shi.

Zafi ne abin da ya kusa raba mu da shi. Zomo ba ya gumi, ta kunnuwa yake rage zafin jiki, kuma da zarar yanayi ya doshi digiri 30 yana cikin haɗari. Ranar da rana ta juyo kan kejin muka tarar da shi a miƙe yana haki, sai muka mai da shi inuwa muka shafa masa ruwa a kunnuwa har ya dawo hayyacinsa. Tun daga ranar nake sa masa fallen tayil ya kwanta a kai, da gorar ruwa mai ƙanƙara naɗe a tsumma idan ta samu. Hajiya, ki kuma koya wa yaron kada ya ɗaga shi ta kunne. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi, shi kuma yana zaune a ƙasa, domin ƙashin bayan zomo ba shi da ƙwari, harbin iska ɗaya da ƙafafun baya yana iya karya shi. Wayoyin lantarki ma a ɗage su daga inda yake yawo.

Uwar yara uku:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Yau kwana 5 ke nan da na bi shawarar Baba. Na nemi wanda ya kawo shi kamar yadda 'yar'uwata mai saƙa ta ce, ashe harawa da ɗan abincin kamfani kawai ya sani a wurin uwarsa, bai taɓa ganin kabeji ba sai a gidana. Mutumin ya ba ni ɗan ragowar abincin a gwangwani, ina zuba masa kaɗan safe da yamma, sauran kuma ciyawar da muka shanya ni da yaran. A rana ta farko ya yi fushi ya ƙi kallon ciyawar har la'asar, hankalina ya tashi ina ta ƙirga awoyi saboda maganar Malam mai aikin asibitin dabbobi, amma kafin magariba ya sa baki. Tun rana ta uku gindinsa a bushe yake, ƙwayoyin kashin kuma sun ƙara girma. Ɗana ne yake share kejin kafin ya tafi makaranta, shi ne kuma mai riƙe da takardar awo, mun rubuta na farko ranar Asabar. Na fara ajiye ɗan abin da ya samu don gwajin kashin. Tambayar da ta rage mini ita ce, maƙwabciyata ta ce za ta ba mu 'yar'uwarsa mace don kada ya zauna shi kaɗai, ni kuma na ji an ce tun suna wata 4 suke iya haihuwa, cikin kuma wata ɗaya ne kacal. Malam kafinta, idan na karɓe ta, za a iya raba kejin nan gida biyu da raga yadda za su riƙa ganin juna, ko sai an yi sabo?